Jarka takwas, mutum tara: yadda nake tafiyar da ruwan gidana

A bangon da ke bayan randarmu akwai zanen alli layi-layi, kamar na mai bin bashi. Baƙi kan ɗauka ɓarnar yara ce. Aikina ne. Tun daminar 2021 nake yin sa, shekarar da amai da gudawa ta zagaye Najeriya, aka lissafa sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya. Autata tana cikin waɗanda suka kwanta. Kwana huɗu muka yi a asibiti, a cire wannan ledar ƙarin ruwa a maƙala waccan, ni kuwa ina bakin gado ina ta saƙe-saƙen ta ina abin ya shigo mana, don ko maƙiyina ba zai kira gidana gidan ƙazanta ba. Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce ta tambaye ni, "Maman yara, da me kuke ɗiban ruwa a randa?" Na ce da moɗa. Ta ce, "In an gama sha, ina take kwana?" Na buɗe baki, na rufe.

Abin da zan faɗa na gidan da ba famfo ne, ko wanda famfon yake nan amma iska kawai yake hurowa, irin namu a Kano. Malamar firamare ce ni, ba likita ba. Abin da na gwada a tsakar gidana na ga amfaninsa, shi zan ba ki.

Fara da ƙirga

Kafin ki sayi magani ko sabon mazubi, ki san ruwa nawa gidanki yake ci. Ki sami alli ko gawayi, ki raba bango gida biyar: sha, girki, wanka, wanke-wanke, banɗaki da alwala. Duk jarkar da aka juye, ki ja layi a gidanta. Mako guda cur za ki yi, har da ranar wanki, kuma kada ki faɗa wa yara dalili, in ba haka ba za su yi miki tsimin ƙarya su ɓata lissafin. Ma'aunin ba wuya. Jarkar 'yan garuwa, rawayar nan, lita 25 ce. Babban bokitin fenti lita 20. Ledar fiya wata rabin lita, jaka guda mai leda 20 lita 10 ke nan. Buta kuwa kowacce da cikinta, sai ki auna taki da ledar ruwa.

Mu tara ne: ni, maigida, Hajiya mahaifiyarsa, yara biyar, da ƙanensa da ke karatu a wurinmu. Lissafinmu ya tsaya a jarka takwas a yini: uku wanka, biyu banɗaki da alwala, ɗaya wanke-wanke, ɗaya girki, ɗaya sha. Ranar wanki a ƙara huɗu. Lita 200 ke nan, kowa ya tashi da lita 22 da 'yan kai, bai ma cika jarka guda ba.

Da na kai nan sai na so in san inda muke a cikin duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 ga mutum a yini a matsayin mafi ƙarancin abin da za a lallaɓa da shi, a sha, a yi girki, a wanke hannu. In ana so a ce buƙata ta biya, har wanka da wanki, sai an kai lita 50 zuwa 100. A Ingila mutum guda kan ci kusan lita 140 a gida. A Amurka ya haura 300, wato jarka goma sha biyu, fiye da abin da mu tara muke rabawa. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne labarin birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. A farkon 2018 fari ya kusa ƙafar da madatsun ruwansu, hukuma ta ƙayyade wa kowa lita 50 a yini, duniya ta ɗauka, gidajen rediyo suka yi ta yayatawa. Jarka biyu fa ga mutum guda. Abin da ya zama musu masifa, mu a gidan nan ko ranar Sallah ba ma samun sa.

Ba mu kaɗai ba ne. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya nuna a 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da ruwan sha mai aminci a inda suke zaune, biliyan 3.5 kuma ba su da ingantaccen makewayi. Tun watan Yulin 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa ruwa da makewayi haƙƙin kowane ɗan Adam ne, aka kuma sa 2030 a matsayin shekarar da kowa zai samu. Allah ya nuna mana. A ma'auninsu, in zuwa ɗebo ruwa da bin layi da dawowa ya wuce minti 30, ba a ma lissafa ki cikin masu ruwa na matakin farko. Ni kuwa kullum sai na ga ɗalibai mata sun shigo aji bayan an gama darasin farko, gefen hijabi a jiƙe. Ba na ma tambaya.

Shi ya sa nasihar nan da ke yawo a intanet, wai a riƙa kashe famfo lokacin goge baki, dariya take ba ni. Ba da mu ake ba. Mu ruwan ne kaɗan, kaɗan ɗin ma ba tabbas a kan tsaftarsa. Don haka in kin gama ƙirga, akwai gida biyu da ba a taɓawa komai tsadar jarka: na sha da na wanke hannu. Tsimi a sauran ake yin sa.

Raba shi uku

Ni na raba ruwan gidana uku, yara ma sun haddace: ruwan ciki, ruwan jiki, ruwan ƙasa.

Ruwan ciki shi ne duk wanda zai shiga baki ba tare da ya hau wuta ba. Ba na sha kaɗai ba. Damun fura da na koko in za a surka, zoɓo, kunun aya, ƙanƙara, wankin latas da tumatir da karas, kurkurar baki. A nan mata da yawa ke faɗuwa: a tafasa zoɓo da kyau, sannan a surka shi da ruwan kurar 'yan garuwa. Wannan kason shi ne mafi ƙanƙanta, jarka ɗaya zuwa ɗaya da rabi a wurinmu, kuma shi kaɗai nake kashe wa kuɗi da lokaci.

Ruwan jiki na wanka ne da alwala da wanki da wanke-wanke. Ga wanke-wanke, roba uku nake jerawa, ta kumfa, ta ɗauraya, ta ɗaurayar ƙarshe, kuma sai an kwashe sauran abinci da maiƙo tas kafin kwano ya taɓa ruwa. Ruwan roba ta uku shi ke zama na kumfa a zagaye na gaba. Wanki a fara da farare, a bi da masu launi, a ƙare da tsummokara, duk a kumfa ɗaya. Alwala kuwa, ya tabbata a hadisin Anas cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu guda, yana wanka da sa'i guda zuwa mudu biyar. Ba mudun awon kasuwa ba, mudun Annabi, wanda bai kai lita ɗaya ba. Ranar da na tuna wa ƙanen maigida wannan, wanda buta biyu ba ta isarsa, sai ya yi dariya ya ce, "Anti, kin kama ni."

Ruwan ƙasa shi ne wanda ya riga ya yi aiki sau ɗaya. Ɗaurayar wanki a kora banɗaki da ita, ko a yayyafa wa tsakar gida kafin shara. Ruwan wankin shinkafa a ba zogale da ɗan lambun bayan ɗaki. Sharaɗi biyu ne: kada ya kwana, don zai yi wari ya tara sauro, kuma ruwan da aka wanke kashin yaro ko kayan marar lafiya da shi ba ya aiki na biyu, masai zai nufa kai tsaye.

San inda ruwanki ya fito

Ki tsayar da ɗan garuwa ɗaya, ki san shi, ki san inda yake ɗebowa. Ni sai da na sa babban ɗana ya bi namu har bakin burtsatsen. In bazara ta yi tsanani layi ya yi tsawo, wasu kan ratse zuwa buɗaɗɗiyar rijiya, kuma ba za ki gane a ido ba. Ki leƙa cikin jarkokinsa da fitilar waya. In kin ga gansakuka ta yi kore a gindi, ko bakin an toshe shi da leda da tsumma, kin ga abin da kike sha. Ban ce ki yi masa faɗa ba, mutumin da ke tura kura mai jarka goma sha biyu a ranar Afrilu ba faɗa yake buƙata ba. Abin da na yi, na sayi jarkoki biyu nawa na kaina masu murfi, na ɗaura musu shuɗin zare a hannu, na ce, "Malam, waɗannan su za ka riƙa cika min daga bakin famfon, kada a juye daga wata." Nakan ɗan ƙara masa wani abu a kai. Duk mako nake wanke su: tsakuwa ƙanana cikin hannu guda, ɗan omo, ruwa kaɗan, a rufe a jijjiga sosai, a ɗauraye har sau uku. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ko maganin feshi kuwa, ko sau ɗari aka wanke ta ba ta zama ta ruwan sha.

In rijiya ce a gidanki, ga lissafin da ba a son ji. Masana suna so a sami tazarar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Filin gida mai ƙafa hamsin-hamsin, kowane gefensa mita 15 ne kacal. Ko daga kusurwa zuwa kusurwa kika auna ba za ki sami 30 ba, balle ga ramin maƙwabci a bayan katanga. Ruwa yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ba ruwansa da katanga, musamman a watan Agusta da rijiya ke cikowa har ana ɗiba da hannu. A birnin Landan a 1854 kwalara ta kashe sama da mutum 500 cikin kwana goma a unguwa guda. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana lissafi har ya gano duk daga famfon rijiya ɗaya suke sha, aka cire hannun famfon. Daga baya aka tarar da ramin ƙazanta dab da rijiyar, inda ake zubar da ruwan wankin ƙyallen wata jaririya marar lafiya. Mutane kuwa son ruwan wannan famfon suke yi, wai ya fi daɗi.

To rijiyar gida ta zama ruwan jiki. A ɗaga bakinta, a yi mata daɓen siminti mai gangare, a sa murfi. Guga ɗaya tak, ta gidan, a rataye ta a ƙusa ita da igiyarta. Maƙwabciya in ta zo ɗiba ta zo da bokitinta, ba da gugarta ba.

Gyaran jarkar sha

Aiki biyu ne, kuma mutane kan yi na farko su ɗauka sun gama. Na farko a kwantar da laka, na biyu a kashe ƙwayoyin cuta.

In ruwan ya zo da duhu, ki bar shi ya kwanta, ki tsiyaye na sama a hankali. In kina sauri, ɗan gutsuren alam ki juya a ciki 'yan zagaye ki cire, ko ki ɓare busasshen irin zogale ki daka shi lukui, kamar ƙwara ɗaya ga kowace lita, ki dama da ɗan ruwa ki zuba, ki juya, ki bar shi awa guda ko biyu. Za ki ga dauɗar ta dunƙule ta sauka ƙasa. Sai ki tace da farin ƙyalle mai tsafta, ninki huɗu. Kada ki rena ƙyallen nan. Tace ruwa na cikin manyan abubuwan da suka kori kurkunu, cutar da a ƙarshen shekarun 1980 take kwantar da sama da mutum 600,000 a Najeriya, har a 2013 aka tabbatar ta ƙare a Najeriya da Nijar. Amma ƙwaron da ke ɗauke da kurkunu babba ne, ƙyalle na tare shi. Na kwalara da taifot ba a dogara da ƙyalle a kansu, alam ma ba ya kashe su. Ruwa ya yi garau ba shi ne ya yi lafiya ba.

Na biyun hanya uku gare shi. Tafasawa ta fi kowacce tabbas: ya tafasa sosai yana ɓulɓula, ki bar shi minti ɗaya a haka, ki sauke, ya huce a cikin tukunyar a rufe. Sai dai mu faɗi gaskiya, da kuɗin gas da gawayi na yanzu ba mai tafasa lita 25 kullum. Ni na bar ta ga jariri da marar lafiya.

Wadda na dogara da ita ita ce kulorin, ko na ruwa irin WaterGuard, ko ƙwaya irin Aquatabs, ana samu a kemis. Ƙwayar girma-girma ce, kowacce da yawan ruwan da take ɗauka, don haka ki karanta jikin takardar, ko ki sa mai kemis ya nuna miki ta jarka. Ki zuba, ki rufe, ki jijjiga, ki jira minti 30 cif. Nan ne ake samun matsala, yaro na kukan ƙishirwa a ce ai an sa magani. Shi ya sa jarkokina biyu ne, ana shan ɗaya, ɗayar na jira. Da dare nake sa wa ta gobe. In kin buɗe kika ji ɗan ƙamshin kulorin sama-sama, alama ce ya yi aiki har ya bar saura mai gadin ruwan, abin da tafasasshen ruwa ba shi da shi. Ki duba ranar lalacewarsa, ki ajiye shi a inuwa inda hannun yara ba ya kaiwa. Bilicin wanki mai turare ba na sha ba ne.

Ta uku kyauta ce: rana. Farar gorar roba mai garau, wadda ba ta wuce lita 2 ba, ki cire takardar jikinta, ki cika, ki kwantar da ita a kan rufin kwano awa 6 cikin rana mai ƙarfi. In akwai gajimare sosai, kwana biyu, kuma ni haka nake ɗaukar ranar da hazo ya rufe gari. Dole ruwan ya zama garau tun farko, gorar da ta goge ta yi dusu-dusu kuma a sauya ta. Gorunan makarantar yara haka nake yi musu, daga ita suke sha kai tsaye.

Duk ukun nan ƙwayoyin cuta suke kashewa. In rijiyarku na kusa da inda masana'anta ko majema ke zubar da ruwansu, ba tafasawa ba kulorin, sai dai a sauya wurin ɗiba.

Randa da moɗa

Da muka dawo daga asibiti, wata Asabar na shimfiɗa tabarma a inuwa ina tsintar shinkafa, idona na kan randa. Tsakanin azahar da la'asar hannu goma sha ɗaya na ƙirga. Na ukun yarana ya shigo daga ƙwallo, ya zura moɗa har wuyan hannunsa ya nutse, ya sha, ya mayar da ragowar ciki don kada a yi asara. Yayarsa ta fito daga banɗaki, ta ajiye buta, ta nufi randa. Almajirinmu ya sha ya kife moɗar a kan murfi, iska ta ture ta, ta gangara gindin randa inda kaji ke tono don sanyi. Auta ta ɗauka, ta goge da rigarta, ta zura. Shinkafar nan ban san yadda na gama tsince ta ba.

Kin ga ko daga Zamzam aka kawo ruwan, in haka za a yi masa, aikin banza ne. Abin da ake so shi ne ruwa ya fito ya sami hannu, kada hannu ya shiga ya same shi. Mafi sauƙi bokiti mai murfi da famfo a gindi, a ɗora shi a kan kujera ko bulo. In ba hali, tulu mai ƙaramin baki wanda sai an karkata shi. In randar ce dole, to ludayi mai dogon hannu na ɗiba kaɗai, a rataye shi a ƙusa sama da inda ƙananan yara ke kaiwa, kofin sha kuma daban, ba ya shiga ciki har abada.

Da na kawo bokiti mai famfo, Hajiya ta ce ita ba za ta sha ruwan roba ba, ɗumi gare shi, ba ƙamshin ƙasa. Gaskiyarta ce, ruwan randar da aka turara ba shi da na biyu a watan Afrilu. Ta ƙara da cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba ai mai tsarki ne. Nan ma ba ta yi kuskure ba, hukuncin alwala ke nan. Sai dai tsarkin da ake sallah da shi daban, abin da ido ba ya gani wanda ke kwantar da yaro daban. Ni dai ba zan tsaya musu da surukata ba. Maigida na tura, ya lallaɓa ta, muka tsaya a kan a sa wa randa famfo. Ta farko da aka huda da abin huda bango, tsagewa ta yi har gindi, ranar na sha kallo. Daga baya muka je wurin masu ginin tukwane muka ba da aiki, aka bar ƙofar tun yumɓun yana ɗanye kafin a gasa, mai gyaran famfo ya sa na roba ya liƙe. Murfin na ɗaure shi da waya. Yanzu ruwan da kulorin ya gama aikinsa a jarka shi ake juyewa ciki, ya yi sanyi, ƙamshin maganin ma ya ragu. Ba a zuba sabo a kan tsoho, sai an ƙarar, kuma duk Juma'a ake wanke ta.

Buta ba ta wanke hannu

Muna tsarki da ruwa, alhamdu lillahi, amma ruwa zalla ba ya fitar da abin da ya maƙale a hannu da ƙarƙashin farce. Sabulu na saka a tsohuwar safa na ɗaure a ƙusa a ƙofar banɗaki, ba ya faɗuwa, ba ya narkewa, ba mai ɗauke shi zuwa wanka. In ya ƙare, toka mai tsafta ta fi babu. Kusa da shi galan ne mai lita 5 a rataye, na huda shi da ƙusa mai zafi kusa da wuya, igiya daga bakinsa zuwa wani ɗan itace a ƙasa. A taka itacen, galan ya karkata, ruwa ya zubo siriri. Cikinsa guda yana kai mu yini. Kwanon wanke hannu da ake zagayawa da shi kafin cin tuwo, kowa ya tsoma, na ƙarshe ya wanke a dauɗar mutum takwas, shi ma na kashe shi. Zubawa ake yi da buta.

Sai kashin yara, wanda ake cewa ba komai, ai nono ne. Yana ɗauke da cuta kamar na babba, kuma shi ne ya fi yawo a tsakar gida. Fo a juye shi a masai nan take, a wanke, a rufe bakin masan saboda ƙuda. A 2022 mutum miliyan 419 ne a duniya ke ba-haya a fili, kuma binciken gwamnati da UNICEF na 2021 ya sa na Najeriya kusan miliyan 48. Ba abin da ba ya gyaruwa ba ne, don maƙwabciyarmu Jigawa a 2022 ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da shi.

Da damina kada ki bar indararo ya yi ta zuba a kwata. Duk milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 50, a yi ruwa mai milimita 20, lita 1,000 ke nan, jarka arba'in, ko an yi asarar wani abu. Ruwan farkon damina a bar shi ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, kuma kowane ruwa a bar na mintocin farko ya wuce kafin a tara. Durom a rufe shi ruf saboda sauro. In za a sha, shi ma sai ya bi layin kulorin.

Ku kuma masu burtsatse a gida, Alhaji, a duba tankin nan da ke ambaliya ta bayan katanga duk safiya, akwai ɗan abin da ake sawa ya kashe injin in ya cika. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a yini, ya fi rabon mutum guda a gidana.

In duk da haka gudawa ta shigo, kada a jira gari ya waye. A ajiye fakitin ORS, wato garin haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, a gida kamar yadda ake ajiye ashana, a haɗa shi yadda aka rubuta a jiki. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, wato ledar fiya wata biyu, sukari cokalin shayi shida a shafe ba a tula ba, gishiri rabin cokalin shayi. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba, mai shan nono kada a cire shi daga nono. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Ga yara a nemi ƙwayar zinc a wurin ma'aikatan lafiya, ana sha kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. In kuwa kin ga bayan gidan ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko yaro ya yi laushi ya kasa sha, ki goya shi ki nufi asibiti ko ƙarfe biyun dare ne, gorar haɗin a hannunki kina ba shi a hanya.